Ƙaramin dogon da ya gina manyan gadoji: wa ya san labarinsa?

Ɗan Wadata: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana tarihi da 'yan reluwe. A makarantar allon da ke ƙofar gidanmu a Makurɗi akwai wani guntun ƙarfe da aka rataye a jikin bishiya, shi ake bugawa in lokacin tashi ya yi. Siffarsa sak ta kwangirin jirgin ƙasa, sai dai siriri ne ƙwarai, tsayinsa daga gindi zuwa kai bai fi faɗin yatsu uku ba. Kakarmu ta ce marigayi kakanmu ne ya zo da shi daga aikin gada, wai a kansa suke tura toroli. Ni kuwa na san layin dogon da ya ratsa garinmu, ƙarfensa ya ninka wannan nesa ba kusa ba. To wane irin jirgi ne ke hawa wannan ɗan tsurut?

Baba Reluwe: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, gaskiya kakarka ta faɗa maka. Ba jirgin fasinja ke hawansa ba. Dogon aiki ne, wanda 'yan kwangila ke shimfiɗawa a filin aiki, in an gama su naɗe abinsu. Ni da na yi shekaru ina duba layi na sha cin karo da irinsa, wani an kafa shi a shinge, wani an yi azara da shi, wani kuma kamar naku ya koma ƙararrawa. Layin da ka sani faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na aiki kuwa yawanci ƙafa 2 ne, wani lokaci ƙasa da haka. Mutum biyu ko uku sa ɗaga gaɓa guda su kai ta inda ake so.

Mai Gardama: Baba a gafarce ni. Layin dogo don a gina gadar layin dogo? Ai kamar a ce sai ka haƙa rijiya kafin ka sami ruwan kwaɓa ƙasar haƙa rijiya. Ina jakuna, ina kawunan mutane?

Injiniya Mai Kwalbati: Mai Gardama, kawo takarda mu yi lissafi, shi ne zai raba mu. Kwanon sarki cike da jiƙaƙƙen yashi ko kankare, ka ce kilo 25, kuma wanda ya wuni yana ɗaukar hakan a ka ya san ya yi aiki. Ɗan taragon da ake turawa a kan irin wannan dogo, mai baki kamar kwarya wanda ake karkatawa gefe ya zubar, yana cin kimanin tan guda. Kwano 40 ke nan. Mutum biyu ke tura shi a miƙaƙƙen wuri, domin ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cije tafiya kamar yadda yashi ke cije ƙafa ko tayar baro. Yanzu ka tuna ƙafar gada ɗaya a kogi irin Binuwai tana shan kankare da dutse na ɗaruruwan tan, ga shi tana tsakiyar ruwa, ga damina na tafe. A zamanin Turawa da aka gina waɗannan gadoji, ba a cika samun tifa ko katafila a nan ba. Motocin da ke akwai ƙanana ne, kuma in suka sa taya a yashin kogi sun zauna ke nan.

Abin da ake yi shi ne a kafa wurin kwaɓa kankare a tudu, a ja dogo daga wurin fasa dutse da wurin ɗibar yashi zuwa can, a sake jan wani daga can zuwa bakin ruwa. Inda kogi ya janye da rani, a kan yashin ake shimfiɗa shi kai tsaye. Inda ruwa bai ƙafe ba sai a kafa turaku, a yi kadarkon katako na wucin gadi, dogon ya bi ta kansa har gindin ƙafar da ake ginawa.

Mai Gardama: To na ji lissafi. Amma wa ya fara wannan dabara? Kada a ce mini Lugga ne, Baturen da ya fara mulkin Arewa.

Ɗalibi a Ƙetare: Ba shi ba ne, kuma ba ma don gada aka ƙirƙiro ta ba. Wani manomi ne a Faransa, Paul Decauville. Wajen 1875 ruwa ya jiƙa gonarsa, amalanke ta kasa shiga ta kwaso amfanin da ake yin sukari da shi, sai ya ƙera gajerun gaɓoɓin dogo da aka riga aka ɗaure a kan ƙarafan gicciye, kamar tsani a kwance. A ɗauka a ajiye, a haɗa baki da baki, shi ke nan hanya ta samu. Ya fara da faɗin santimita 40, daga baya aka fi sanin na santimita 60. Cikin 'yan shekaru ya koma sayar da dogon ga masu haƙar ma'adinai da sojoji da masu gine-gine. A Ingila kamfanin Robert Hudson na birnin Lids ya yi suna da irin wannan kaya, a Jamus kuma akwai Orenstein & Koppel. Shi ya sa a ƙasashen da Faransa ta mallaka sunan mutumin ya zama sunan dogon kansa.

Na Dungurum: Ku dakata, ku dakata. Ana maganar ƙaramin dogo a ƙasar nan ba a ambaci garinmu Zungeru ba? Jirgin ƙasa na farko a Arewa ai a wajenmu ya yi kuka. A 1901 aka shimfiɗa layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Wushishi zuwa Zungeru, mil 12, don a kwaso kayan gina sabuwar hedikwatar Lugga daga jiragen ruwan da ke hawowa kogin Kaduna. Da aka ga ruwa na janyewa ya bar Wushishi jirage ba sa isowa, a 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko, ya zama mil 22 gaba ɗaya. Kano ba ta ga jirgi ba sai 1911. A rubuta wannan a ajiye.

Malama Mai Tarihi: An rubuta, Na Dungurum, ba wanda zai ƙwace muku. Sai dai naku ba irin wanda Ɗan Wadata ke tambaya ba ne. Naku yana da kan jirgi mai tururi, yana ɗaukar mutane da kaya daga tasha zuwa tasha, kuma ya yi kusan shekara goma yana aiki. Na filin gada kuwa ba shi da tasha, ba shi da tikiti, yau yana nan gobe an karkatar da shi can.

Na Dungurum: Malama, ɗa da babansa ai gida ɗaya ne. Namu ma da babban layi ya iso Zungeru cire shi aka yi.

Baba Reluwe: Nan kam yana da gaskiya. Da aka cire shi, kayansa ba a zubar ba, an kai su layin Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka buɗe kashi-kashi daga 1912 zuwa 1914 don kwasar kuza. Faɗinsu ɗaya, ƙafa 2 da rabi. Ana ce masa ƙaramin layin Bauci, alhali bai taɓa taka garin Bauci ba, sunan lardin ne ya bi shi. Shi ma a 1957 aka rufe shi. Abin lura a nan, Bature ba ya barin ƙarfe ya kwana a banza. Kowane guntu daga Ingila ya zo ta teku, an biya kuɗin jirgi, an rubuta shi a littafin sito. In aiki ya ƙare a nan sai a loda shi zuwa wani aikin. Wanda ya lanƙwashe ko ya tsage shi ake bari, shi ne kuke gani a rataye a bishiya.

Ɗan Wadata: Baba, wato dai kakana ba satowa ya yi ba? Don wallahi tun ɗazu gabana ke faɗuwa.

Baba Reluwe: Kwantar da hankalinka ɗana. Ko da ma ɗaukowa ya yi, guminsa ya fi ƙarfin kuɗin wannan guntu.

Malama Mai Tarihi: Tunda an zo kan Makurɗi bari in sa kwanan wata a maganar. Layin gabas ya taso daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, ya iso gaɓar Binuwai a shekarun 1920, kuma kafin 1927 ta fita ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan. Duk wannan lokaci babu gada. Jirgin fito ne ke ɗaukar taragai ya tsallaka da su, kaɗan-kaɗan, a sake haɗa su a ɗaya gaɓar. An fara gadar a 1928, kamfanin Sir William Arrol na Gilasgo ya yi ta, wanda ya yi aikin ƙarfen babbar gadar Forth a Sikotlan. Gwamna Donald Cameron ya buɗe ta ranar 24 ga Mayu, 1932. Tsawonta kusan rabin mil, kuɗinta kusan fam miliyan ɗaya, jirgin ƙasa da mota duk ta kanta suke bi a lokacin.

Haka aka yi a Jabba tun kafin nan. Layin Ikko ya iso gaɓar Kwara a 1909, jirgin fito ya yi ta jigila, sai 1915 aka kammala tsallakewa ta kan tsibirin da ke tsakiyar kogin.

Injiniya Mai Kwalbati: Malama ta taɓo wani abu da mutane ba sa lura da shi. Shi kansa fiton yana buƙatar dogo na wucin gadi. Binuwai tsakanin cikarsa ta watan Satumba da ƙafewarsa ta watan Afrilu bambancin mita da yawa ne. Inda jirgin fito ya tsaya da damina, da rani tudun yashi ne. Dole layin da ke gangarawa bakin ruwa ya riƙa bin ruwan, a ƙara masa in ya janye, a rage in ya ciko. Saboda haka a mashigi ɗaya za ka tarar da dogo iri biyu na wucin gadi, babba na gangarawa fito, ƙarami na kai kayan gini.

Kuma duk aikin tsere ne da ruwa. Watannin rani kaɗai gare ka na sa ƙafafun gada. Da zarar an ga ruwa ya fara canza launi yana kawo kara da itace, sai a shiga kwashe dogo daga kan yashi, gaɓa-gaɓa, a jibge a tudu. Wanda ya yi jinkirin kwana biyu kogi ya yi masa kwasar. Kwara ma ta fi wuyar sha'ani, domin cikowa biyu take yi. Bayan ta damina akwai wadda ke isowa tsakiyar rani, ruwan da ya sauka can ƙasar Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali kafin ya ƙaraso.

Ɗalibi a Ƙetare: Akwai misalin wannan kwasar a Kenya. A 1898, lokacin gina gadar kogin Tsabo a layin da ya taso daga Mombasa, injiniyan aikin, Patterson, ya samo dutsen gini a nesa da wurin, sai ya ja layin toroli zuwa can, layin da sai da ya tsallaka kogin a kan kadarkon itace. Ambaliya ta zo ta tafi da kadarkon, ta murɗe ƙarafan kamar igiya. Duniya ta riƙe labarin zakuna biyun da suka riƙa cinye leburori a wurin, ba mai tuna torolin da ya kawo kowane dutse na gadar.

Mai Gardama: Ai dole. Kai ma in aka ba ka zaɓi tsakanin labarin zaki da na toroli ka san wanda za ka saurara. Amma bari in koma kan abin da ke raina. Duk abin da kuka faɗa yana nuna Turawan nan sun zo da dabara, sun sauƙaƙa wa talaka aiki. Maimakon kwano 40 a ka, tura ɗaya. Me ya sa kullum in an tashi maganarsu sai zagi?

Malama Mai Tarihi: Ba wanda ya yi zagi a nan, ƙanena, amma tambayar taka tana da amsa. Ka fara tambaya, wa ke turawar, kuma da yardarsa ya zo? A aikin layin Baro zuwa Kano, daga 1907 zuwa 1911 zamanin da Gwamna Girouard ya faro shi, ba cigiya aka yi mutane suka zo neman aiki ba. Joji, wato jami'in Turawa, ne ke gaya wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Nufawa da Gwarawa sun ɗanɗana wannan sosai domin ta ƙasarsu layin ya fara bi. Ana biyan su, ba a ce ba a biya ba, 'yan kwabbai a yini, amma kuɗin nan shi ne kuma ake karɓa a haraji. Hannun dama ya bayar, na hagu ya karɓe. Sai a 1930 aka yi yarjejeniyar duniya kan aikin tilas, a nan kuma aka yi dokarsa a 1933, wadda ta taƙaita shi ba ta kashe shi ba. Shaida ita ce ɗiban gwamna da aka yi zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu.

Mai Gardama: Malama kin kauce. Ni toroli na tambaya, ba haraji ba. Ya rage wahala ko bai rage ba?

Injiniya Mai Kwalbati: Bari in amsa maka a matsayin wanda ya tsaya a kan leburori. Ya rage wahalar ɗauka, amma bai rage wahalar yini ba. Duk na'urar da ta hanzarta sashe ɗaya na aiki, sauran sassan take kora. In tarago yana dawowa fanko kowane minti kaɗan, dole mai shebur ya cika shi kafin na baya ya iso, dole mai guduma ya fasa dutsen da zai ishe shi, dole mai diga ya haƙo. Mai kwano a ka yana da ɗan numfashi a hanyar dawowa, yana tafe a hankali kwanonsa a hannu. Mai cika tarago ba shi da wannan. Layi ɗaya ne, in ka tsaya duk na bayanka sun tsaya, heluma kuwa daga nesa yake hango wanda ya tare hanya. Kuma ƙirga ta zo da sauƙi, tarago nawa ƙungiyarku ta kai yau? Ɗan kwangila bai sayo dogon don tausayin wuyan lebura ba, ya sayo shi ne don ya riga damina.

Baba Reluwe: Injiniya ya faɗi abin da na so in faɗa, ya ma fi ni iya faɗa. In ƙara da haɗarinsa. Yawancin ƙananan taragan nan ba su da birki. Sanda ake cusawa a jikin ƙafar ƙarfen a danne, ko a jefa guntun itace a gabanta. Ga shi daga tudu ake gangarowa bakin kogi, da tan guda a ciki. In ya kuɓuce babu mai tare shi. Sannan dogon da aka ɗora a kan yashi ba a daddale shi da tsakuwa ba, yana nutsewa gefe guda, tarago ya sauka daga layi sau da yawa a yini, a taru a ciccibe shi a mayar. A nan yatsu ke tafiya. Ga kuma maƙullin da ke riƙe kwaryar, in bai kama da kyau ba sai ta juye a kan ƙafar wanda ke gefe, mutanen da ko takalmi babu. Tsofaffin da na tarar a aiki in suna ba da labari, ba nauyin kaya suke ambata ba, gangara suke ambata.

Ɗan Wadata: Allahu akbar. Kakarmu ta ce yatsun ƙafarsa biyu na hagu babu, mu duk mun ɗauka ciwo ne ya cinye su. Bari in koma in sake tambayarta da kyau.

Hajiya Uwar Zaure: Ka tambaye ta a hankali ɗana, kada ka je mata da takarda da biro kamar ɗan sanda. Ka zauna ka bari ta kawo da kanta. Kuma ka tambaye ta su wa ke dafa wa leburorin abinci, don na lura tun ɗazu maza ake ta lissafawa, kamar iska suke ci.

Malama Mai Tarihi: Hajiya kin gama magana. Kowane babban aikin gada gari yake haifarwa a gefensa, masu tuwo, masu fura, mahauta, masu wanki, dillalai. Makurɗi kanta ai da fito da gada ta tashi daga ƙaramin mashigi ta zama hedikwatar lardin Binuwai a 1927.

Mai Gardama: To na sauko rabi. Na yarda ba don Allah aka kawo toroli ba. Amma gadar tana nan tsaye shekara casa'in da wani abu, wannan fa ba za ku ƙwace musu ba.

Injiniya Mai Kwalbati: Ba mai ƙwacewa. Aiki ne mai kyau, kuma sirrinsa na ƙarƙashin ruwa inda ba ka gani. A manyan koguna irin waɗannan, akwatin ƙarfe ake nutsarwa mai buɗaɗɗen gindi, a hura masa iska mai ƙarfi ta kore ruwa, mutane su shiga ciki suna haƙa, akwatin na sauka a hankali har ya zauna a kan ƙasa mai tauri, sannan a cika shi da kankare. Wanda ya fito daga ciki da gaggawa sai gaɓoɓinsa su ɗaure, wani ya shanye, irin ciwon da ke kama masu nutso. Kayan da ake kai wa irin wannan aiki kuwa, ɗan dogon nan ke taimakawa wajen jigilarsu. Abin da nake cewa kawai, in za a yaba a yaba duka, wanda ya zana da wanda ya tura.

Ɗalibi a Ƙetare: Kuma ba ko'ina dogo ke yiwuwa ba. A gadar Zambezi da ke dab da magangarar ruwan Biktoriya, wadda aka buɗe a Satumbar 1905, kogin yana can ƙasa cikin kwazazzabo mai zurfin fiye da mita 100, babu yashin shimfiɗa komai, babu wurin kafa turaku. Sai kamfanin Cleveland ya ja igiyar ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan, aka rataya mata abin ɗaukar kaya mai jan tan 10. Ta nan aka tsallakar da rabin ƙarfen gadar, har da kan jirgi da aka kwance gunduwa-gunduwa aka sake ɗaurawa a can, aka ci gaba da shimfiɗa layi arewa tun gadar ba ta haɗe ba. Akasin haka a Indiya, inda koguna ke da faɗi da yashi kamar namu, filin aikin gada kan zama kamar tashar jirgi guda. Gadar Hardinge a kan kogin Padma, wadda yanzu ke Bangaladesh, an fara ta a 1910 aka buɗe a 1915, mutum fiye da 24,000 suka yi aikinta, kuma babban ɓangaren aikin jigilar dutse ne na ɗaure gaɓar kogin don kada ya sauya hanya ya bar gadar a tudu.

Na Dungurum: Duk kun zaga duniya, har yanzu ba wanda ya ce an kwashe mana gadar ƙafa ta Lugga an kai Kaduna an kafa a lambu. Hedikwata ta tafi, dogo ya tafi, gada ta bi su.

Hajiya Uwar Zaure: Na Dungurum, a buɗe maka zaure na musamman gobe ka yi kukanka. Yau na Ɗan Wadata ne.

Ɗan Wadata: Na gode Hajiya. Baba, tambaya ta ƙarshe. Akwai yadda zan gane ko namu na ƙafa 2 ne ko na ƙafa 2 da rabi?

Baba Reluwe: Da ƙarfe ɗaya ba ka gane faɗin layi, ɗana, sai ka ga biyu a ɗaure. Amma za ka gane aikin da aka yi shi dominsa ta nauyinsa. Mu da laba a kowane yadi muke auna kwangiri. Na turawa da hannu daga laba 14 zuwa 20 yake. Wanda ƙaramin kan jirgi zai hau yakan kai 30. Na babban layi a wancan zamani daga 45 ne zuwa 60, daga baya aka ƙara. Ka sauko da shi, ka auna tsawonsa, ka ɗora a sikeli. Sannan ka sami buroshin waya ka goge cikinsa, wato siririn wurin da ke tsakanin kai da gindi. Masu narka ƙarfe sukan fito da sunansu da shekara a nan. In guntun naku ya faɗo daidai wurin, ka yi sa'a. Ka duba ƙarshensa kuma, in akwai huda biyu, nan ne ake ɗaure shi da ɗan'uwansa.

Ɗan Wadata: Na dawo. Sai da na roƙi Malam, ya ce in mayar kafin la'asar ko in zo in yi ta kiran yara da baki. Tsawonsa mita 1 da santimita 20, nauyinsa kilo 11 ba kaɗan. Huda biyu na nan a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma a karye yake, ba yanka ba, har ya ɗan murɗe. Rubutu kam bugun shekaru ya cinye, sai wani abu kamar lamba 2 da nake gani, in ba idona ba ne.

Injiniya Mai Kwalbati: Kilo 9 a mita ke nan, wato laba 18 a yadi. Na turawa da hannu ne, babu tantama.

Baba Reluwe: Murɗewar nan kuma ba guduma ce ta yi ta ba. Ko ruwa ne ya kama shi, ko tarago ya kife da kaya a kansa. Kakar taka me ta ce game da yatsun?

Ɗan Wadata: Ta ce ba ta taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Abin da ta sani, duk ranar da aka buga ƙarfen nan yana zaune a ƙofar gida, sai ya janye ƙafarsa ta hagu ya shigar ƙarƙashin riga. Bari in je in mayar, la'asar ta kusa.